Barkisu da Ɗakin Goro

A Zongon Kumasi, a shekarun da motoci masu lasifika suke bin unguwanni ana ta maganar mulkin kai, akwai wani ɗan kasuwar goro ana ce da shi Alidu. Kakansa ne ya biyo fatake daga arewa, ya ga ƙasar da goro yake fitowa, ya ajiye sandarsa bai koma ba. Alidu ya gaji gidan, ya gaji sana'ar, ya kuma gaji wani ɗaki mai sanyi a ƙuryar gida inda ake jera kwandunan goro. Matarsa Memuna mace ce mai haƙuri, ba ta da saurin magana. 'Ya'yansu uku ne: Barkisu ce babba, ba ta wuce shekara goma sha biyu ba, sai ƙannenta maza biyu waɗanda ba su isa aike ba tukuna.

Gidan bai rasa abinci ba, bai rasa sutura ba. Abin da ya rasa shi ne famfo.

Famfon unguwa yana can gindin gangara, kuma Barkisu ce mai ɗebo ruwa. Da safe ta je, da ta dawo daga makarantar allo ta koma, da la'asar ma haka. Ga layi, ga faɗan mata a kan wadda ta riga zuwa, ga jar laka mai santsi in an yi ruwan sama. Kuma gidan goro ba kamar sauran gidaje ba ne wajen shan ruwa, domin bayan na girki da na wanka da na alwalar baƙi, shi kansa goron sai an riƙa yayyafa wa ganyensa ruwa don kada ya bushe. Maƙwabta biyu sun riga sun ja famfo cikin gidajensu, 'ya'yansu mata sun daina zuwa layi. Barkisu tana ganinsu da safe a ƙofar gida, wuyansu a miƙe.

Duk shekara Alidu yakan ce, “In an sayar da goron bana, sai famfo.” Shekarar da ta wuce an sayar, sai ga shi ya shigo da garmaho a kan wani ɗan dako. Wadda ta gabace ta kuwa ribar ta tafi a raguna da manyan riguna na sunan autansa. Ba mugun mutum ba ne. Shi dai in kuɗi ya shigo hannunsa, abin da ya fara burge idonsa a kanti shi ne yake zama dole.

Wata safiya Barkisu ta zame a gangarar, kwanon ruwan ya faɗi ya lotse, ta shigo gida jikinta duk laka. Ta tarar da mahaifinta a zaure yana murza garmaho.

“Subhanallahi! Uwata, wa ya taɓa ki?” Haka yake kiranta, domin sunan mahaifiyarsa aka sa mata.

“Famfon da ka ja mana ne ya kayar da ni, Baba.”

Alidu ya ɗage allurar garmahon, kiɗan ya tsaya. Ya kama hannunta ya kai ta ƙofar ɗakin goro, ya nuna mata kwanduna jere har kusa da rufi.

“Kin ga wannan? Ba zan sayar yanzu ba. Zan riƙe shi har sabon goro ya yanke a kasuwa, nawa ya zama daushe, tsohon goro mai tsada, mutanen arewa su zo suna roƙona. In ya kai wannan lokacin bai lalace ba, wallahi kafin in taɓa komai sai an ja famfo gidan nan. Ga uwarki nan, ita ce shaida.”

Memuna tana tsakar gida tana tankaɗe. Ba ta ɗago ba, ta ce, “Na ji. Bara ma ni ce shaida.”

Daga ranar Barkisu ta zama mai gadin dukiyar gidan. Ta lura cewa kullum ana tuƙa tuwo kamar za a yi baƙi goma, ko da mutum biyu ne suka sauka, da safe a kwashe saura a zuba a kwata. Ta yi ta mita har Memuna ta rage tukunya, abin da ya kwana kuma a ɗumama shi. Ta lura fitilar zaure takan kai hantsi tana ci, ba wanda ya tuna da ita, ta riƙa hure ta da kanta. Ƙannenta kuwa in suka bar sabulu cikin ruwa, sai sun gwammace duka da maganarta. A waɗannan duka tana da gaskiya, Memuna ma ta san haka, har takan yi murmushi ta ce, “Ke dai Allah ya ba mijinki haƙuri.”

Inda abin ya gagara shi ne wajen Alidu. Ranar da ya shigo da sabon faifan garmaho a ƙarƙashin riga, a ƙofa ta tare shi.

“Baba, wannan kuma fa?”

“Wannan? Ai kusan kyauta aka ba ni.”

“Kyauta ne, ko kusan kyauta?”

“Kai, yarinyar nan! Ni na haife ki ko ke kika haife ni?”

“Kai ka ce ni uwarka ce.”

Ya yi dariya ya wuce, faifan kuma bai koma kanti ba.

Ana nan sai idon Barkisu ya sauka a kan masu tsintar goro. Goron ajiya ba a barinsa ya yi dogon kwana a rufe. Lokaci-lokaci sai an zazzage kowane kwando a kan tabarma, a bi goron ɗaya bayan ɗaya, a fitar da wanda sankara ta taɓa, wato ƙwaron da yake huda goro ya ci cikinsa. Sannan a zubar da tsohon ganye, a shimfiɗa sabo, a mayar da mai kyau a rufe. Wata tsohuwa, Iya Batulu, ita take wannan aiki a gidan tun zamanin mahaifin Alidu, tare da wasu mata biyu ƙawayenta. Ba a biyansu da kuɗi. Duk goron da suka fitar nasu ne. Su ƙulle shi a bakin zane su tafi da shi, su yanke wurin da ya ɓaci, su kasa sauran a faranti a bakin hanya, 'yan dako da leburori su saya da araha kafin rana ta faɗi. Ganyen kuwa, wani faffaɗan ganyen daji ne da wata mata Ba'asantiya, Mame Ajuwa, take kawowa a kai daga ƙauyensu.

Barkisu ta tsaya tana kallon ƙullin Iya Batulu yana fita daga gidan, ta dubi tulin ganyen da aka watsar alhali da sauran korensa, sai ta ji kamar famfonta ne ake gutsura ana fita da shi. Da yamma ta sami mahaifinta.

“Baba, goron da su Iya suke tafiya da shi, ba namu ba ne?”

“Ladan aikinsu ne.”

“In ni na yi aikin fa? Sai ya zauna a gida, mu sayar da kanmu. Ganyen ma a wanke shi a sake amfani da shi. Ko kuwa a daina sayen faifai. Ɗaya dai a ciki, Baba.”

Alidu ya dubi garmahonsa, ya shafa gemu. Bai daɗe yana tunani ba.

“Wallahi kin kawo shawara. Memuna! Zo ki ji kan kasuwa a wajen 'yarki.”

Memuna ta zo ta saurara har ƙarshe, sannan ta ce, “Maigida, yarinya ce ta faɗa, amma kai ne babba. Kwandunan nan mata uku suke wuni a kansu. Ita ɗaya, ga ruwa, ga makaranta?”

“Sai ki taya ta.”

“Da wane hannun? Na girkin baƙinka, ko na goyon ɗanka?”

“Ke dai ba kya son a yi tattali.”

“Ni ce ba na son tattali?” Memuna ta buɗe baki za ta ƙara, ta dubi garmahon, ta dubi mijinta, ta girgiza kai ta koma madafa.

Da Iya Batulu ta zo ranar aikinta, Alidu ya sulale kasuwa, ya bar wa Barkisu isar da saƙo. Tsohuwar ta saurara, hannunta a ƙugu.

“To, Hajiya mai gida, an sallame mu ke nan? Ni da na wanke ubanki ranar da aka haife shi?”

“Ba sallama ba ce, Iya. Tattali muke yi.”

“Tattali! Allah ya ba da sa'a. Ki gaishe min da ɗan nan, ki ce na ga ƙeyarsa lokacin da yake zagayawa ta bayan masallaci.”

Mame Ajuwa ma da ta iso da damin ganye a kai, gumi yana zuba, aka ce mata an gode, ba a bukata. Hausarta ta kasuwa ce, ba ta raba mace da namiji.

“Kai yarinya, kai ne ya ce ba a so? Na taso tun asuba fa!”

“Za mu wanke tsohon, Mame.”

“Wanke ganye? Ei! Yoo, na ji.” Ta juya da daminta tana magana da Asantanci ita kaɗai har ta fita layin.

Barkisu ta kama aiki da zuciya ɗaya. Ranar farko ta zazzage kwando guda ta bi shi tsaf. Amma kafin ta gama na biyu an kira ta ɗebo ruwa, kuma wankin ganye ya ƙara mata sawu zuwa famfo a kan na da. Tsohon ganyen da ta wanke, wani ya yage, wani ya yi laushi ya manne a jikin goro. Da kwanaki suka tura, ta ga ba za ta iya zazzage kowane kwando ba, sai ta riƙa buɗe baki ta duba na sama, in ta ga suna sheƙi ta mayar ta rufe. Na can ƙasa da na bayan ɗaki kuwa, kullum sai ta ce gobe.

Goron da ta fitar mai tabo ba ta yarda ya bar gidan ba. Ta samo wani ƙaramin kwando ta riƙa tara shi a bayan ƙofar ɗakin goron, nufinta in ya taru da yawa a sayar gaba ɗaya, Baba ya ga amfanin shawararta da idonsa. Duk sanda ta shiga sai ta ɗaga kwandon ta ji nauyinsa, ranta ya yi fari. Alidu kuwa tun da ya ga an ɗauke masa wannan nauyi bai ƙara leƙa ɗakin ba. In ya gamu da ita a tsakar gida sai ya ce, “Uwata, yaya dukiyarmu?” Ta ce, “Lafiya lau,” ya ce, “Madalla,” ya wuce zaure.

A layin famfo ne ta fara jin wasu maganganu. Lariba mai koko, wadda take sayarwa a kusurwar layinsu, ta ce da wata, da ƙarfi yadda Barkisu za ta ji, “Jikokin Iya Batulu da kullum suke karyawa a wajena, yanzu sai su tsaya daga nesa suna kallon tukunya. Ni ma na rage gero, mai geron yana ta yi mini ƙorafi kamar ni na kawo abin.”

Wani ɗan dako kuma ya tare ta a hanya ya ce, “Ƙanwata, ina tsohuwar nan mai goron araha? Mu ba mu iya sayen na teburi. Jiya haka na wuni ina hamma a ƙarƙashin kaya.”

Barkisu ta ji haushi. Ita da take ƙoƙarin tsare abin gidansu, me ya haɗa ta da geron Lariba da hammar ɗan dako? Ta gyara gammonta ta wuce.

Memuna ce ta gano abin. Wata ranar da hantsi ta shiga ɗakin neman tabarma, ta tsaya cak, ta shaƙi iska.

“Ke! Zo nan.” Memuna ba ta kiran sunan 'yar fari. “Wannan warin na mene ne?”

Ta ja kwando ɗaya daga baya ta zazzage a ƙasa. Na sama suka gangaro jajaye da farare, gwanin sha'awa. Na tsakiya suka biyo baya da ƙananan huji. Na ƙasa kuwa suka zubo baƙi-baƙi, haɗe da gari da ruɓaɓɓen ganye, ƙwari suna ta watsewa a kan tabarma. Aka aika zaure a kira Alidu.

Ya shigo yana tambayar ko lafiya, ya ga abin da yake ƙasa, ya yi salati. Ya buɗe kwando na biyu, ya buɗe na uku. Yana juyawa ƙafarsa ta bugi ƙaramin kwandon bayan ƙofa. Ya ɗaga ganyen da aka rufe shi da shi, ya yi baya da sauri. Abin da yake ciki ya daina zama goro, ya zama gidan ƙwari.

“Wa ya ajiye wannan a nan?”

“Ni ce, Baba. Tarawa nake yi a sayar.”

“A cikin ɗakin? Mai sankara a ɗaki ɗaya da mai lafiya? Ai ba ya kwana! Ranar da aka fitar da shi, ranar yake barin gida, in ba haka ba ƙwarin su fito su bi sauran. Wannan ai kowa ya sani!”

“Ni ban sani ba. Ba ka faɗa mini ba.”

“To ai... ai abu ne da kowa ya sani.”

Memuna ta ce, “Kowa ya sani, amma mutum ɗaya ne a gidan nan aka haifa cikin goro, shi kuwa yana zaure yana murza akwatinsa. Maigida, ka bar yarinyar nan. Yanzu abin yi za a nema.”

Abin yi shi ne a zazzage ɗakin gaba ɗaya a ranar, a raba mai rai da matacce, a sake sabon ganye. Hakan kuwa yana bukatar hannuwa da yawa da ganye mai yawa, gidan kuma ba shi da ko ɗaya. Alidu ya ce ƙafarsa tana ciwo, don haka Barkisu aka aika.

Ta fara zuwa gidan Iya Batulu, aka ce ai tsohuwa ta sami aiki a wani gidan goro can wajen Tafo, tun safe take fita, sai Barkisu ta bar mata saƙo. Ƙawayenta biyu kuwa, ɗaya ta koma wankau, ɗaya ta tafi wajen 'yarta. Daga nan Barkisu ta nufi Ashanti New Town, inda aka ce Mame Ajuwa takan sauke kaya. Ta same ta zaune, ga damin ganye kore shar a gabanta.

“Mame, ganye muke so. Duka.”

“Ei, mai wankin ganye! Sabulu ya ƙare?”

“Don Allah, Mame. Goronmu yana lalacewa.”

“Wannan na mutane ne, sun riga sun ce a kawo. Da kun ce ba ku so, na nemi wasu. Yara biyu da suke yanko mini a daji ma na sallami ɗaya. Yanzu in ce masa ya dawo don kai?”

Barkisu ta tsaya, hawaye suna taruwa a idonta. Mame Ajuwa ta dube ta, ta ja tsaki, ta zare kashi ɗaya daga damin ta ɗora mata a kai. “Tafi da wannan. Saura sai jibi. Ka gaya wa babanka ganye ya yi tsada yanzu.”

Iya Batulu ba ta iso ba sai bayan la'asar, da gajiyar aikin wani gida a jikinta. Ta tsaya a ƙofar ɗakin ta dubi ɓarnar. Sannan ta kwance mayafinta ta ɗaura a ƙugu.

“Ina ɗan nan? Ko ya sake zagayawa ta bayan masallaci?”

Alidu ya fito yana sosa ƙeya. “Iya, sannu da zuwa. Ƙaddara ce ta...”

“Zauna ka miƙe ƙafa ka ja tabarma. Ƙaddarar ma tana son hannu. Ke kuma Hajiya mai tattali, share hawayen nan, gishirinsu ba ya kashe sankara. Fara fitar min da wancan kwandon, ki kai shi nesa da gidan nan.”

Suka zauna su huɗu, har da Memuna da goyo a baya. Aikin bai ƙare a ranar ba, ya ci washegari da ranar da ta biyo baya, domin ganye yana zuwa kaɗan-kaɗan, Iya Batulu kuma sai ta gama aikin Tafo take zuwa. Duk jinkirin da aka yi, ƙwarin ba su jira ba. Alidu yana tsinta yana lissafa masu laifi: daminar bana da ta cika zafi, manoman da suka sayar masa da goro mai ƙwai a ciki, rufin ɗakin da ba ya shan iska. Barkisu tana jinsa, ta cije leɓe. Sau ɗaya kawai ta ɗago.

“Baba, da faifan ka bari, da ba a kori su Iya ba.”

“Ai ke kika ba ni zaɓi.”

“Kai kuma ka zaɓa,” in ji Memuna, ba tare da ta daina tsinta ba.

Iya Batulu ta yi dariya har da tari. Alidu ya duƙufa kan tsinta har aka kira sallah.

Da aka gama, abin da ya tsira bai kai rabin ɗakin ba. Shi ma Alidu bai yarda ya ci gaba da riƙe shi ba, don tsoron ko akwai sauran ƙwai a ɓoye. Ya kira wani baƙo mai saye daga arewa tun lokacin tsada bai zo ba. Mutumin ya fasa goro biyu-uku, ya shinshina, ya ce ya ji labarin abin da ya sami ɗakin, ya taya yadda ya ga dama. Alidu ya yi ciniki iyakar ƙoƙarinsa, ya sallama. Abin da aka samu ya isa a ci abinci a kuma sayi goron sabuwar kaka, bai wuce nan ba.

Bayan motar ta ɗauke kwandunan, ya kira Barkisu. Bai iya haɗa ido da ita ba.

“Uwata, maganar famfon nan...”

“Na sani, Baba.”

“In an sayar da na baɗi...”

“Baba, don Allah kada ka rantse.”

Saura aikin kwashe wanda ya lalace. An tara shi a bayan gida, tuli guda, kuma dole ya tafi bola kafin ma'aikatan tsafta su zagayo. Barkisu ta tambayi Iya Batulu ko akwai wanda za a yanke a kasa a faranti. Tsohuwar ta tona tulin da yatsa, ta ɗauki ɗaya ta matsa, ya fashe ya zama gari a hannunta.

“Da a kan lokaci ne, da rabin kowanne ya ciyu. Wannan kam ko akuya ba ta so.”

Barkisu ta riƙa cika kwando tana kaiwa bola, ta dawo ta sake cikawa. Hanyar ta bi ta gaban Lariba mai koko, ta bi ta inda 'yan dako suke hutawa. Ba wanda ya yi mata dariya. Ɗan dakon nan ma tashi ya yi ya taya ta sauke kwandon, ya tsaya yana kallon abin da ta juye, ya ce, “Kai! Duk wannan?” Ya girgiza kai ya koma wurin zamansa.

Washegari da safe ta ɗauki kwanonta ta gangara layin famfo kamar kullum. Da ta dawo ta tarar Iya Batulu ta zo duba ɗan goron da aka bari na baƙi, ta fitar da 'yan ƙwayoyi masu tabo ta ajiye a gefen tabarma. Barkisu ta sauke ruwan, ta tattara su da hannunta, ta ƙulle wa tsohuwar a bakin zane, ta raka ta har ƙofar gida.

A ranar Barkisu ta gane cewa ba duk abin da ya fita daga gida ne ɓarna ba. Tuwon da ake zubarwa a kwata ɓarna ne, domin ba wanda ya ci shi. Amma goron da su Iya Batulu suke fita da shi yana ciyar da gidaje da yawa, kuma fitarsa ce take tsare wanda ya rage a ɗaki. Wanda ta hana fita kuwa bai amfani kowa ba, har ita kanta.